Ta Gefen Malam

Litinin, bakwai da kwata na safe

Saƙon editan mujalla ya shigo ina cikin shafa wa burodi bota, na karanta shi a tsaye da wuƙa a hannu. Mai tantancewa na farko ya yaba aikin a layi huɗu, Allah ya saka masa. Na biyu ya rubuto shafi uku, kuma abin da ya fi ba ni haushi, mutumin akwai ladabi. Ya ce ya gwada jadawalinmu na shafi na sha ɗaya, layi goma sha biyu, ko ɗaya bai zo daidai da tasa ƙidayar ba, kuma tunda ƙa'idar da muka ce mun tabbatar jadawalin take bi, yana tsoron ita ma ba ta tsaya ba. An ba mu mako huɗu mu amsa ko mu janye.

An ba mu, in ji shi. Suna biyu ne a kan takardar, na Malam a gaba, nawa a baya. Malam kuwa yau kwanansa shida a asibiti, gado na huɗu, hawa na biyu, tun da ɓarin jikinsa ya shanye ranar Talata.

Maigidana, da nake ce wa Likita saboda likitan dabbobi ne kuma yana so a riƙa mantawa da rabin sunan, ya dubi fuskata ya ce, "Wa ya rasu?" Na ce babu kowa. Ya ce, "To ƙarasa shafa botar, shayi na hucewa." Na ƙarasa. Burodin sabo ne, na ci yanka uku.

Litinin, biyar na yamma

Asibiti. Yana barci. Na zauna da Mama, matarsa, a bencin baranda, ta ba ni rabin lemonta. Can ta ce, "Ke 'yar nan, shekara ashirin yana zana abin nan a kan teburina ban taɓa tambaya ba. Mene ne wai?"

Na ce, "Mama, ki ɗauka gida ne da ba shi da iyaka, ɗakunansa duk masu kusurwa uku, kowane bango kuma madubi ne. Kina ƙetare bango kin faɗa cikin hoton ɗakin da kika baro. Akwai ɗakin farko, inda Malam yake aza maɓallin nan. Abin da muke tambaya, daga ɗakin farko zuwa wani ɗaki can nesa, gajerun hanyoyi nawa ne? Malam ya samo ƙa'idar da za ta ba ki amsa ba sai kin taka ba. Masu aikin aljabara na jiran lambobin nan su gina nasu a kai."

Ta ce, "Maɓallin, ruwan ƙasa ne, mai huda huɗu?" Na ce eh. Ta ce, "Na rigar sanyinsa ne. Na juye gidan nan kaf ina nemansa."

Muka yi ta dariya har wata nas ta leƙo. Ban faɗa mata maganar saƙon ba.

Laraba, huɗu da rabi na yamma

Ina fitowa daga aji na shiga mota, ban farga ba sai ga ni a ƙofar gidansu. Hannuna ne ya kawo ni. Shekara goma sha biyar, tun ina ɗalibarsa, kowace Laraba ƙarfe huɗu ina wannan ƙofar. Teburin cin abinci ne ofishinmu. Shi yana zama ta gefen taga don haske ya faɗo masa ta baya, ni ta gefen kabad ɗin littattafai, muna fuskantar juna, babbar takardar ɗakunan shimfiɗe a tsakaninmu. Bangaye kala uku, ja, kore, shuɗi, da ɗigo baƙi a tsakiya inda ɗakuna shida suka haɗu. Na san takardar nan fiye da fuskar Likita, na faɗa masa ma, bai ji daɗi ba.

Shi ya sa da na zo buga aikin bara ban nemi ɗaukar ta ba, da ka na zana hoton. Adireshin ɗakuna da jadawali na kwafo daga littafinsa. Malam ba ya duba abin da aka buga. Ya ce shi aikinsa yana ƙarewa ne inda fensir ya tsaya, sauran na masu kwamfuta ne.

Gidan a kulle. Na ɗan zauna a mota na ci gyaɗar da ke jakata, iska na kaɗawa, na ji daɗin zaman, sannan na juya.

Alhamis, sha biyu na rana

Na rubuta wa kwamfuta tambayar kamar yadda take a takardarmu, don in kama mai ladabin nan da ƙarya. Minti arba'in ina rubutu, daƙiƙa ɗaya tana amsawa. Layi na farko, Malam ya ce hanya biyu, ita ta ce shida. Haka har ƙasa, duk lambobin mai tantancewa ne.

Na sake. Na kashe ta na kunna, kamar wannan ne zai sa ta ji kunya.

Juma'a, takwas na safe

Shida.

Lahadi, uku na rana

Rana mai daɗi, babu abin da zan ɓoye. Mun yi wanki tare, Likita na shanya ina gyara abin da ya shanya. Ya gyara famfon kicin da ya yi wata biyu yana ɗiga, ya kira ni har sau uku in zo in ga ba ya ɗiga. Muka ci shinkafa a tsakar gida, ƙafa a miƙe.

Nan na faɗa masa. Ya ce, "Duka sha biyun?" Na ce duka. Ya ce, "Ni fa in aka kira ni aka ce awaki sha biyu sun kwanta rana ɗaya, ba na tsayawa duba su ɗaya-ɗaya, wurin da suke shan ruwa nake fara tambaya." Na ce masa lissafi ba garke ba ne, ya bar ni da abin da ya dame ni. Ya ce to, ranki ya daɗe, ya miƙo mini cinyar kazar da ke gabansa. Na karɓa, don fushina bai kai nan ba.

Talata, shida saura na yamma

Ya yi magana!

Mai gashin ƙashi na motsa masa hannun dama, ina tsaye a ƙarshen gado da kwalbar ruwa, ya dube ni ya ce, "Laraba." Sai da ya ɗauki lokaci kafin ta fito, kuma ta fito a karkace, amma Laraba ce. Mama ta dafe ƙirji ta ce, "Kun ji mutumin nan? Shekara arba'in da ɗaya ina tare da shi, kalmar farko ba sunana ba, Laraba." Gefen bakinsa na hagu ya ɗaga. Dariyarsa ke nan yanzu.

Na ce, "Malam, Laraba na nan tana jiranka, ba inda za ta." Ya ɗaga hannun hagu ya zana kusurwa uku a iska, ya tsare ni da ido. Mujalla yake tambaya. Na ce, "Ba su amso ba tukuna, ka san su."

Na yi waƙa a mota har gida. Sai da na kashe inji na tuna na yi masa ƙarya, karo na farko tun da na san shi.

Alhamis, goma na safe

Na soke zaman ganin ɗalibai na bi hujjar ƙa'idarmu layi-layi. Shafi takwas lafiya lau, har ina jin daɗin karatun, don Malam in yana gina hujja ba ya barin ko ƙusa a ƙasa. A shafi na tara ya rubuta cewa a bayyane yake gajeriyar hanya ba ta ƙetare bangayen nan uku da suka ratsa ɗigon tsakiya. A bayyane yake. Kalmarsa ke nan, ɗalibai har laƙabi suka yi masa da ita. Na dubi hoton, na bi da biro. Tana ƙetare su, duka ukun.

Ban san yadda aka yi na wuce layin nan bara ba. Na sani mana. In Malam ya ce a bayyane yake, kai nake gyaɗawa.

Bara ne ya ƙidaya jadawalin. Bara ne kuma ya bar tabaransa a cikin firji. Bara ne ya kira ni da sunan 'yarsa sau biyu a zama ɗaya, muka yi dariya. Likitansa ya ce wa Mama irin wannan abu wani lokaci yakan daɗe yana...

Ba zan rubuta wannan ba.

Asabar, biyar na yamma

Ya ci ayaba da hannunsa. Ban faɗa masa ba.

Litinin, shida na yamma

Shugaban sashe ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, shi ma ɗalibin Malam ne kafin ni, matsalarsa ɗaya, yana son kowane abu ya ƙare kafin a tashi aiki. Na nuna masa rahoton. Ya karanta, ya cire tabarau ya murza ido.

Ya ce, "Malama, kina da ƙarin girma a gabanki, kuma duniyar nan tamu ƙarama ce, kowa zai ji. Ki rubuta wa edita gaskiya. Babban marubuci ba shi da lafiya, da alama abin ya soma tun lokacin da ake aikin, kuna janyewa. Ba wanda zai ga laifinki, shi ma ba wanda zai ga nasa. Ciwo ne."

Na ce, "Shekara ashirin ɗinsa ke nan fa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Na sani. Ina ajin da ya fara zana ɗakunan nan a allo."

Na dawo ofis na rubuta wasiƙar. Layi shida. Ta yi kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan, ta fito da ladabi kamar ta mai tantancewa. Ban aika ba. Tana nan ajiye a kwamfuta.

Da yamma ɗalibaina na aji biyu suka gane abin da na yi mako uku ina fama su gane, har wata ta tafa. Na fito ajin da alli har gira ina murmushi. Ban san yadda mutum yake ɗaukar abu biyu haka a rana ɗaya ba, amma ga shi ina ɗauka.

Laraba, huɗu na yamma

Na buɗe ta, na canja waƙafi ɗaya, na rufe.

Juma'a, shida na yamma

An sallame shi. Ni da Likita muka ɗauko su. Likita ya ɗaga shi daga keken asibiti zuwa mota cak, yana ce masa, "Baba, kai ai ba ka kai ɗan maraƙi ba." Malam ya ce, "Kai." Kalmominsa sun kai ashirin yanzu, Mama na ƙirgawa, kuma ta ce sunanta ya shigo na bakwai, ta haƙura.

A ƙofa na tsaya, na ce ina da aiki. Ban so in ga teburin ba.

Saura kwana goma.

Litinin, tara na safe

Mama ta kira. "Ke 'yar nan, mutuminki ya hana ni sakat. Tun jiya Laraba, Laraba. Ya sa na fere masa fensir uku, ban san da wane hannun zai riƙe ba. Ki zo don Allah, ko zama ne ku yi."

Na ce zan zo. Na yanke shawara a bakin madubin banɗaki: ranar Laraba zan zauna da shi, in sha shayi, ba zan ce komai ba. Alhamis in aika wasiƙar. In ya warware sosai na faɗa masa mujallar ce ta ƙi, mujallu na ƙin abu kullum.

Likita ya ce shawarar ba ta yi masa ba. Na ce ba a tambaye shi ba. Ya ce shi ya sa ya faɗa a hankali.

Laraba, bakwai saura na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, kafin in fara gyara wa kaina.

Na isa huɗu daidai. Mama ta sauya ɗakin saboda keken ya samu hanya: ta ture teburin ya manne da kabad. Gefena ya tafi, ko kyanwa ba za ta shiga wurin ba. Malam na wurinsa ta gefen taga, an sa masa hula, fensir uku a jere. Kujerata kuma Mama ta ajiye ta kusa da shi, ta hagunsa.

Na tsaya ina kallon kujerar. Na ce, "Mama, ko in jawo teburin kaɗan?" Ta ce, "Ki jawo in kin ga dama, ki mayar kuma, ni bayana ya gama aiki. Zauna mana, cizo yake?" Na zauna a ɗofane. Shekara goma sha biyar ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da shi ba, sai na ji kamar na shiga ɗakin da ba a ba ni izini ba.

Na gaishe shi, ya amsa da kai. Na kai ido kan takardar don in guje wa idonsa, sai na ga maɓallin a ƙasan ɗigo.

A raina na ce Mama ta goge tebur ta ture shi. Ɗakin farko a saman ɗigo yake, haka na san shi, haka na zana shi. Na miƙa hannu zan mayar da shi wurinsa. Hannun hagun Malam ya sauko kan nawa, da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ya ce, "Bari."

Na ce, "Malam, ya goce ne." Ya ɗaga maɓallin da kansa. A ƙarƙashinsa akwai zoben fensir da ya zagaye shi da shi tun fil azal, takardar wurin ta fi sauran fari. Bai goce ko'ina ba.

Na dubi kabad, inda kujerata take a da. Na dubi maɓallin. Wanda ke zaune can, a sama zai gan shi. Ni ce nake zaune can. Na kwafo adireshin ɗakuna daga littafinsa, waɗanda ya ƙidaya daga nan inda yake, sannan na zana ɗakin farko yadda nake ganinsa daga can. Na tashi kowace tafiya daga ɗakin da ke ɗaya gefen ɗigo, bango uku daga inda ya kamata. Abin da na ba mai tantancewa ke nan, abin da na ba kwamfuta ke nan, kuma dukansu sun amsa mini tambayar da na yi musu tsakani da Allah.

Na aza yatsa a kan maɓallin na bi layi na farko. Bango huɗu. Ta nan hanya ɗaya, ta can ɗaya. Biyu. Na bi na biyu, na uku. Malam na bin yatsana da ido, in na yi jinkiri sai ya ƙwanƙwasa tebur, kamar yadda yake yi tun ina ɗaliba.

A layi na biyar na fashe da kuka. Mama ta shigo da tire ta ce, "Me ya yi miki?" Na ce ba shi ba ne.

Na faɗa masa duka. Saƙon, ranar da ya zo, ƙaryar da na yi masa a asibiti. Na so in tsaya a nan, amma na faɗi wasiƙar ma, da abin da ke cikinta, cewa na rubuta wa baƙo kansa ya soma taɓuwa tun bara, kuma gobe na yi niyyar aikawa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na bincike hujjarsa, na bincike jadawalinsa, har tabaransa na firji na bincika, ban taɓa cewa bari in duba hoton da ni na zana ba.

Mama ta ajiye tiren a hankali. Sannan Malam ya ja littafinsa da hannun hagu, ya yi ta fama da shafuka, na kai hannu zan taya shi ya harare ni na janye. Ya buɗe wurin bangaye ukun nan. Ya aza yatsa a kan layin, ya nuna maɓallin, ya nuna ni, ya buɗe baki. Muka jira. Ta ɗauke shi lokaci, ina ganin jijiyar wuyansa.

Ya ce, "A bayyane yake."

Mama ta ce, "Kalma uku a jere! Wallahi uku!" Gefen bakinsa ya ɗaga har ido ya rufe, kafaɗarsa na girgiza tana bugun tawa. Ina kuka ina dariya, na ce, "Daga nan kam, Malam." Muka ƙarasa sauran bakwai ɗin tare, ni da yatsa shi da ƙwanƙwasa, shayi ya huce ba wanda ya taɓa.

Alhamis, takwas na safe

Na gyara wa kwamfuta layi ɗaya. Sha biyu cikin sha biyu, ba ta ko nemi gafara ba.

Na goge waccan wasiƙar. Sabuwar layi huɗu ce: hoto na ɗaya a juye yake, kuskuren na marubuciya ta biyu ne, ga gyara, muna godiya ga mai tantancewa na biyu. Godiyar da gaske nake.

Likita na shan shayi, sai cewa ya yi wai yau zai je duba wurin shan ruwan wasu awaki. Na jefe shi da murfin bota.

Mama ta kira tana tambaya ko ta sa a jawo teburin kafin Laraba, tunda Malam ya fara takawa da sanda. Na ji muryarsa daga nesa yana cewa a'a. Na ce mata ta bar shi yadda yake.